AMINA A BIRNIN KANO? MUSUN DA NA TARAR A KURA

Makon jiya na je Kura duba ƙanwata, lokacin girbin shinkafar rani ne, ruwan Tiga na ta gudu a kwalbatoci har Kadawa da Bunkure. Da yamma sai na tarar da ɗanta da abokansa a rumfar cajin waya, sun yi cincirindo a kan kwamfuta, musu ya kaure kamar za a doku. Wai wasan yaƙi ne mai suna Age of Empires III, wanda a shekarar 2021 masu shi suka ƙara masa Hausawa da Habashawa. Rabinsu na cewa ya cancanci lambar yabo, rabi na cewa ko tukuici bai kamata a ba shi ba.

Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, kai da ke rubuta littafi, raba mana gardama."

Na zauna na kalla, kuma wallahi tsigar jikina ta tashi. Ga barade cikin lifidi, ga Filani 'yan baka, ga maroƙa, idan ka taɓa soja sai ya amsa maka da Hausa. Lifidin nan ba ƙirƙira ba ce. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Nan dai sun yi bincike, ban da ta cewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne shugabar da suka ba Hausawa. Sarauniya Amina ce, amma birnin da suka ba ta Kano ne. Haba! Amina ta Zazzau ce, masu tarihi ma saɓaninsu a kan zamaninta ne kawai: Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wasu kuma suka kai ta ƙarni na 16. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita a Gidan Rumfa. Kuma tsakanin Kano da Zazzau yaƙi aka sha, shi kansa Kanajejin ai Zazzau ya kai wa hari. Na tambayi wani yaro a cikinsu, ina garin Amina? Ko gezau bai yi ba ya ce Kano. Ɗan aji biyar na sakandare ne fa.

Masu goyon bayan wasan suka ce ai wasa ne, ba darasi ba, kuma ni ma a littattafaina ina ƙara gishiri. Gaskiyarsu, na sha aurar da wadda ba a haifa ba ga wanda bai wanzu ba. Amma ni ban taɓa ɗauko sarkin gaske na canja masa gari ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma daban ne. Yaran nan a Kura suke zaune, garin da rininsa ya kai har cikin Sahara, Buzaye na naɗa rawanin 'yan Kura suna taƙama. Irin wannan fatauci ne ya sayi dawaki da sulken da suke gani a allo. Sun buga yaƙin jihadin 1804 a cikin wasan sau ba adadi, amma ba wanda ya san Sarki Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano, ta Rano nan kusa da su ya bi, aka kashe shi a Burum-Burum a 1807.

Hukuncina dai na faɗa musu: a ba masu zanen dawakin lamba, a hana wanda ya rubuta tarihin. Babu ɓangaren da ya ji daɗi. Ina tashi zan tafi masallaci, na ji ɗan ƙanwata na tambayar mai rumfa nawa ne kuɗin mota zuwa Burum-Burum.