Yadda Mashi Ya Sauka Daga Sirdi Ya Shiga Akwatin Gilashi

A harabar Thoresby, wani tsohon gidan masu sarauta da ke yankin Nottinghamshire a Ingila, akwai gidan tarihin rundunonin mahaya 'yan mashi na sojan Birtaniya, wanda aka buɗe a shekarar 2011. Kayan da aka jera a ciki su ne irin waɗanda kowa zai yi tsammani: dogon mashi mai 'yar tuta ja da fari a wuya, takubba, sirada, huluna masu kusurwa huɗu, rigunan hafsoshi, lambobin yabo, kwanukan azurfa, da wata tsohuwar begila da ta sha duka har ta lotse. Wanda ya shiga zai iya ɗauka cewa runduna ce ta tara shaidar ƙarfinta a lokacin da take ganiyarta. Idan aka bi sawun kayan ɗaya bayan ɗaya, abin da ake tararwa daban ne. Gidajen tarihi irin wannan rashi ne ya haife su. Duk lokacin da doki ya rasa wani aiki a fagen fama, ko wata runduna ta rasa sunanta, sai akwatunan gilashi su ƙaru. Wanda ya gane haka zai san yadda zai karanta abin da ke cikinsu, ya san inda zai yarda da su da inda zai yi musu tambaya.

Ɗaya daga cikin rundunonin da kayansu ke Thoresby ita ce ta 17, wadda Kanar John Hale ya kafa a 1759, bayan ya kawo wa sarkin Ingila labarin cin birnin Kwibek da mutuwar Janar Wolfe a yaƙin. Don tunawa da Wolfe ne rundunar ta ɗauki tambarin ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Mashi kuwa daga baya ya zo. Turawan Ingila sun ga ɓarnar da mahayan Napoliyon 'yan mashi suka yi, salon da Faransa ta aro daga Folan, sai suka fara mayar da wasu rundunoninsu 'yan mashi daga 1816, har da hular mai kusurwa huɗu suka kwaikwayo. A duk tsawon wannan zamani babu wanda ya yi tunanin gidan tarihi. Sirdi kayan aiki ne, in ya tsufa a yar. Takobi in ya karye a sake wani. Abin da ake adanawa kawai shi ne kayan zauren cin abincin hafsoshi: azurfar da wani hafsa ya bari kyauta ranar da ya yi murabus, zanen wani kwamanda, da ganimar da aka kwaso daga yaƙi aka rataye a bango. Har zuwa 1871 saye ake yi a zama hafsa a rundunonin dawakai, saboda haka zauren na 'ya'yan masu hali ne, kuma kurtu ba ya shigarsa sai in hidima ta kai shi. Tushen tarin ke nan, kuma har yau ana ganin alamarsa, domin kayan hafsoshi sun fi na ƙananan sojoji yawa da kyau nesa ba kusa ba.

Begilar nan da ta lotse ita ce ta fi kowane abu nuna yadda kayan aiki ke zama kayan tarihi. Ranar 25 ga Oktoba 1854, a Balaklaba, lokacin yaƙin Kirimiya, wani umarni mai harshen damo ya fito daga babban kwamanda Lord Raglan, Kyaftin Nolan ya kai shi, aka fahimce shi a karkace. Mahaya kimanin 670 ƙarƙashin Lord Cardigan suka sukwano cikin wani kwari da igogin Rasha ke gabansa da gefensa biyu. Rundunar 17 tana sahun gaba. Sama da mutum 100 suka mutu, ɗaruruwan dawakai suka halaka, kuma daga cikin 'yan rundunar 17 da suka shiga, waɗanda suka amsa suna bayan an dawo ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ta fuskar dabarun yaƙi kuskure ne tsagwaronsa. Amma waƙar da marubuci Tennyson ya rubuta a ƙarshen wannan shekara ta mayar da shi abin alfahari, kuma daga nan duk wani abu da ya taɓa kwarin ya yi daraja. Begilar ta William Brittain ce, mabushin da ke tare da Cardigan, wanda ya ji rauni a ranar ya kuma rasu a asibitin Scutari. Ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu fiye da shekara 100, sai a 1964 aka yi gwanjonta a Landan, inda Ed Sullivan, mai shirin talabijin a Amurka, da ɗan wasan fim Laurence Harvey suka saya suka miƙa wa rundunar. Abin lura shi ne an daɗe ana jayayya a kanta. Akwai masu cewa wani mabushi, Henry Joy, shi ya busa kiran sukuwa, akwai kuma waɗanda suka halarci yaƙin da suka ce ba a ma busa shi ba sam. Tagullar da kanta ba ta kai kuɗin kirki ba. Labarin da aka rataya mata shi ake saye, kuma wannan ita ce ƙa'idar kasuwar tsofaffin kayan soja har gobe: lambar yabo ɗaya za ta ninka 'yar'uwarta farashi sau da yawa idan sunan da aka zana a bakinta na wanda ya halarci wata shahararriyar rana ne.

Runduna ta 21 kuwa labarinta ya fi kusa da mu, domin a Sudan ta yi suna. Ta zama ta 'yan mashi a 1897, kuma kafin nan ba ta da sunan yaƙi ko ɗaya a tutarta, har sauran rundunoni na yi mata ba'a cewa takenta shi ne dokar Attaura da ta hana kisa. Ranar 2 ga Satumba 1898, a filin Karari kusa da Omdurman, Janar Kitchener na Birtaniya ya gwabza da rundunar Halifa Abdullahi, magajin Mahdi. Igwa da bindigogin Maxim da bindigogi masu cin harsashi da yawa sun gama aikin kafin tsakar rana. Ansaru, wato mayaƙan Halifa, kusan 10,000 ko fiye suka kwanta dama, yayin da ɓangaren Kitchener ya rasa ƙasa da mutum 50. A cikin wannan yanayi aka tura rundunar 21 ta leƙa hanyar Omdurman. Kwamandanta, Kanar Martin, ya hango 'yan tsirarun mayaƙa a fili, ya ba da umarnin sukuwa, ashe a bayansu akwai wani busasshen rafi, Khor Abu Sunt, cike da mutum fiye da 2,000 a kwance suna jira. Cikin 'yan mintuna rundunar ta rasa mutum 21 da dawakai 119, wasu kusan 50 suka ji rauni. Wato kusan rabin mamatan ɓangaren Kitchener a duk ranar daga wannan sukuwa ɗaya suka fito. Da suka tsallake rafin, sauka suka yi daga kan dawakai suka buɗe wuta da gajerun bindigogi, sannan abokan gaba suka janye. Winston Churchill, wanda aka jingina shi da rundunar a lokacin, bindigar hannu ya yi amfani da ita. An ba mutum uku lambar Victoria Cross, wato Kenna da de Montmorency da Byrne, rundunar ta samu sunan yaƙinta na farko, amma ranar da kanta ta nuna cewa zamanin mashi ya wuce.

Sojan Birtaniya bai karɓi wannan darasi da wuri ba. Bayan yaƙin Buwa a Afirka ta Kudu an ajiye mashi a 1903, masu son al'ada suka matsa aka dawo da shi a 1909, ramuka da ƙayar waya na Yaƙin Duniya na Ɗaya suka kashe maganar, sai a 1927 aka soke shi a matsayin makami aka bar shi ga fareti. A 1922, saboda tsuke bakin aljihu, aka haɗe rundunonin dawakai da dama biyu-biyu, ta 17 da ta 21 suka zama ɗaya, kafin 1940 kuma sun sauka daga dawakai sun shiga tankokin yaƙi. Ba haɗuwar tsautsayi ba ce cewa a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ne gidajen tarihin rundunoni suka fara yaɗuwa a Birtaniya. Idan aka haɗe runduna biyu, zaure ɗaya ba ya ɗaukar azurfa da zane-zanen biyu. Idan aka rufe bargar dawakai, sirada da linzamai sai a nema musu wuri. Iyayen da suka rasa 'ya'ya a Faransa kuma suna kawo wasiƙu da lambobi suna neman inda za a riƙa tunawa da su. Ta wannan ƙofa ta ƙarshe ce kurtu ya shigo tarin da a da na hafsoshi ne zalla. A 1954 Kanar Robert Ogilby ya kafa gidauniyar tallafa wa irin waɗannan gidaje. Kayan rundunar 17 da 21 sun zauna shekaru masu yawa a fadar Belvoir kafin a kwashe su a 2007. A 1993 an sake haɗe rundunar da wata da ita ma haɗin biyu ce, ta 16 da ta 5, a 2015 kuma aka ƙara haɗe su da ta 9 da 12. Sunaye shida sun narke cikin ɗaya. Mutumin ƙasar Hausa ba zai sha wahalar gane wannan tafiya ba, tun da sulke da lifidi da kwalkwali, waɗanda barade suka shiga daga da su, tun bayan 1903 sun koma kayan hawan salla da na Gidan Makama.

Akwai masu cewa irin waɗannan gidaje ba tarihi suke koyarwa ba, kirari suke yi wa mulkin mallaka, don haka bai kamata mai hankali ya ɓata lokaci a kansu ba. Rabin maganar gaskiya ne. Tsofaffin sojojin rundunar su ne amintattun gidan, su ke ba da kaya, su ke zaɓen abin da za a sa a gaba, kuma ba a tsammanin iyali su rubuta laifin kakansu a bakin ƙofa. Rundunar 17 ce ta bi Zulu da mashi bayan sun karye a Ulundi a 1879, kuma irin wannan aiki, na sukar mutanen da suka juya baya, shi ne ainihin amfanin mahaya a yaƙe-yaƙen mallaka. Sai dai watsar da gidan gaba ɗaya hasara ce ga mai neman gaskiya, domin kayan da takardun da ke tare da su sukan ƙaryata kirarin. Jerin sunayen mamata, littafin ayyukan runduna na kullum, wasiƙar da soja ya aika wa mahaifiyarsa, su ne ke ba mai bincike damar lissafa cewa ranaku biyu mafi ɗaukaka a tarihin waɗannan rundunoni, Balaklaba da Omdurman, kurakurai ne na shugabanni da ƙananan sojoji da dawakai suka biya da jininsu. Abin da ake bukata shi ne a karanta gidan a matsayin shaida na ɓangare ɗaya, a nemo na ɗaya ɓangaren. Ga Omdurman yana nan: Ismat Hasan Zulfo, hafsan sojan Sudan, ya rubuta littafinsa Karari daga bakin tsofaffin Ansaru da takardun Mahdiyya, kuma a wurinsa abin da ya faru a rafin tarko ne da aka ɗana da gangan, mahayan suka afka.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne na ganima. Bayan Karari hafsoshi da sojoji sun tsinci tutoci masu rubutun Larabci, jibbobi masu faci, sulke, takubba da ganguna daga gawarwaki, kuma yau suna warwatse a gidajen tarihin rundunoni da gidajen masu sarauta a faɗin Birtaniya. Kitchener ya sa an rushe ƙubbar Mahdi aka watsa ƙasusuwansa a kogin Nilu, abin da ya jawo suka har a majalisar Landan. Wannan ba labarin baƙi ba ne gare mu. Kiran Mahdi ya iso daular Sakkwato ta hannun Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mutanen Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a sahun Ansaru, kuma shekara biyar bayan Karari aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Mai Wurno ya wuce da jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu, inda zuriyarsu ke zaune har yau. Masu kare ajiye kayan a Ingila suna cewa kwasar ganima al'adar kowane mayaƙi ce a wancan zamani, Ansaru ma sun yi, kuma a can kayan sun tsira daga gara da yaƙi. Suna nuni da abin da ya samu gidajen tarihin Khartum da Omdurman tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, inda aka wawashe kaya masu yawa. Wannan hujja ce ta jinkirta mayarwa har tsaro ya samu, amma ba ta mayar da mai ajiya ya zama mai kaya. Kuma ba dukkan ganima ce ɗaya ba. Mashin da aka ƙwace a hannun wanda ya zo kisa daban yake da tutar da aka rubuta sunan Allah a kanta, ko rigar da aka tuɓe daga jikin mamaci, ko wani sashe na jikin mutum. An riga an fara bambancewa: a 2019 Gidan Tarihin Soja na Ƙasa da ke Landan ya mayar wa Habasha gashin Sarki Tewodros da aka yanke bayan yaƙin Maƙdala na 1868, a 2024 kuma kayan zinariyar Asante suka koma fadar Manhyia a Kumasi, ko da yake da sunan aro.

Dalilin aron shi ne wasu manyan gidajen tarihi na ƙasa doka ta ɗaure musu hannu, kamar dokar 1963 da ta hana Gidan Tarihin Birtaniya rabuwa da kayansa. Wannan doka ba ta hau kan gidajen tarihin rundunoni ba, domin galibinsu gidauniyoyi ne masu zaman kansu da amintattu ke gudanarwa, da ɗan kuɗi kaɗan da taimakon 'yan sa-kai. Saboda haka hanyarsu ta fi sauƙi, kuma matakin farko ba ya bukatar jirgi ko majalisa. Shi ne a ɗauki hoton duk wata tuta da jibba da takobi da suka fito daga Sudan ko wata ƙasar Afirka, a nemi masana su karanta rubutun da ke jiki, wanda sau da yawa yakan ambaci sarkin yaƙin da ke da tutar, a rubuta wanda ya ɗauko da ranar da ya ɗauko, a wallafa da Larabci a intanet yadda jikokin masu kayan a Omdurman ko garin Mai Wurno za su iya gani su nemi nasu.