Daga Masana'antun Kakuri Zuwa Ƙaramin Rukuni: Tarihin Ranchers Bees

Tarihin ƙungiyoyin wasanni na Kaduna ba ya rabuwa da tarihin masana'antun da aka kafa a kudancin kogin Kaduna, musamman a Kakuri, inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, sannan UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya buɗe a 1975. A wancan zamani kamfani kan riƙe ƙungiyar ƙwallo kamar yadda yake riƙe asibitin ma'aikata, ɗan wasa kuma ma'aikaci ne mai albashi, wanda ko ƙafarsa ta gaza yana da abin komawa. A cikin wannan tsari aka haifi DIC Bees, ƙungiyar hukumar ƙera makamai da gwamnatin tarayya ta kafa a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Kalmar Bees kuwa ƙudan zuma take nufi.

A shekarun 1980 ƙungiyar ta koma hannun attajiri Alhaji Muktar Aruwa, wanda daga baya ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa, aka sauya mata suna zuwa Ranchers Bees, kuma a lokacin ne tauraruwarta ta haska. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kofin ƙalubale na Afirka, wato gasar ƙungiyoyin da suka yi fice a kofin ƙasarsu, inda ƙungiyar Bizerte ta Tunisiya ta doke ta da ƙyar. Shekara guda bayan haka ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma bayan ta yi galaba a kan ASEC ta Abijan, kuma daga Ranchers Bees ne matashi Daniel Amokachi ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990.

Sai dai wannan ɗaukaka ta ɓoye wani rauni, domin ƙungiyar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya ba ta da ginshiƙin da ƙungiyar ma'aikata take da shi, ga shi kuma masana'antun da ke renon sababbin 'yan wasa sun fara durƙushewa. Ƙarancin wutar lantarki, tsadar baƙin mai da kwararowar atamfar fasa-ƙwauri suka sa KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, tare da su kuma 'yan kallon da ke sayen tikiti daga albashinsu. Rikicin 2000 da na 2002, waɗanda suka mayar da kogin Kaduna tamkar iyaka tsakanin Musulmi da Kirista, sun ƙara raba jama'ar da a da take zama a benci ɗaya a filin wasa, kuma wannan asara ta fi ta kuɗi ciwo.

Tun daga nan Ranchers Bees take hawa da sauka, galibin shekarunta a ƙaramin rukuni, inda babu kuɗin talabijin, tafiya kuma a motar haya ce.  A 'yan shekarun nan Sadiq Umar, haifaffen Kaduna da ya buga wa Real Sociedad ta Sifaniya, ya sa hannu a mallakar Ranchers Bees, abin da ya cancanci yabo matuƙa. Duk da haka, wajibi ne kamfanonin da suka rage a Kakuri da Kudenda su karɓi rabonsu na nauyin riƙe ƙungiyar, domin yaran Makera, Barnawa da Sabon Tasha suna nan suna buga ƙwallo a filayen makarantu kowace yamma.