Tarakta Ta Yi Huɗa, Wa Zai Yanke Riɗin?

A shirinmu na wannan mako mun waiwayi tarihin manyan gonakin Gadarif, da abin da ya koya wa masu ɗaukar ma'aikata.

Noman inji a ƙasar nan ya faro ne wajen 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Turawan Ingila na neman dawar ciyar da sojojinsu na gabashin Afirka, sai suka kawo taraktoci baƙar ƙasar Gadambaliya, yamma da garin Gadarif. Gwamnati ta gwada noman raba-daidai: ita ke da inji, manomi ke da shema da girbi, a raba amfani. Abin ya ci kuɗi, bai biya ba. Daga 1954 aka shiga bai wa 'yan kasuwa hayar filaye, a 1968 kuma aka kafa hukumar noman inji ta ƙasa.

To amma inji bai kori hannu ba. Tarakta ta yi huɗa, ta yi shuka, yankan riɗi kuwa sai lauje. Shi kuma riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna aka yi jinkirin 'yan kwanaki, ƙwansonsa ya fashe, iri ya zube, wahalar damina ta tafi a banza. Shi ya sa kowace kaka ake neman 'yan ƙodago, waɗanda ake ce wa Jango: mutanen yammacin Sudan, Habashawa masu shigowa ta Galabat, da 'yan uwanmu Hausawa da Fulani, jikokin waɗanda suka biyo hanyar Makka suka zauna.

A wannan ɗan tsakanin, mai gona ne ke roƙo. Yawanci jinga ake yi, gwargwadon abin da ka yanka a biya ka, kuma jinga na sa hannu sauri. Sai dai ba ta riƙe mutum. Abin da ke riƙe shi a sansani shi ne ruwan sha ya zo kan lokaci, garin tuwo bai yanke ba, awo ba ha'inci, kuɗi su fito ranar da aka yi alkawari, kuma a kira shi da sunansa. Mai gonar da ya cinye haƙƙin leburori bara, labarinsa zai riga motarsa isa kasuwa bana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Makiyayi ya daɗe da sanin wannan. Yaron kiwon da aka ba shi maraƙi nasa cikin garke, ba sai an tashe shi da asuba ba. Haka falken da yaransa suka tabbata wata rana zai sallame su da jari, ba ya kwana yana ƙirga buhuna.

Don haka Alhaji, kafin ka ce yaran yanzu ba sa son aiki, duba tulun ruwansu, duba littafin bashinka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu kaka mai albarka.