Algaitar Fadar Gumel da Ƙaramin Saksafon: Tarihin Kamannin Muryoyinsu

Duk mutumin da ya tashi a ƙasar Gumel, ya saba tsayawa a ƙofar fada ran hawan salla sa'ad da hakimai ke shigowa daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar tare da makaɗa da mabusansu, idan aka kunna masa waƙar nan ta Sting, mawaƙin Ingila, mai suna Englishman in New York, wadda ta fito a 1987, abin da zai fara kama kunnensa shi ne wata siririyar busa mai fita kamar ta hanci, wadda ke kewaya muryar mawaƙin tun daga farko har ƙarshe. Da wuya bai ce algaita ce ba. Abin da ake busawa kuwa shi ne ƙaramin saksafon, wanda Turawa ke kira soprano, mai busa shi kuma Branford Marsalis ne, Baƙar fatar Amurka wanda ya taso cikin kiɗan jaz. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wannan kamanni, a ga inda ya tsaya, sa'an nan a gwada auna busar Marsalis da ma'aunin da Bahaushe ya riga ya mallaka. Dalilin yin haka shi ne, masu nazarin waƙar baka sun daɗe suna feɗe kalmomin mawaƙa, amma busa da kiɗa sai a ambace su da layi ɗaya a wuce, kamar ba su da abin faɗi.

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750, a ƙarƙashin Ɗan Juma, ba da jimawa ba kuma ta shiga cikin masu kai gaisuwa Barno. Jihadin Shehu Usmanu bai ci ta ba, ba ta kuma karɓi tuta daga Sakkwato ba. Da Heinrich Barth ya bi ta Gumel cikin watan Maris na 1851, a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, a matsayin garin iyakar Barno ya ɗauke ta. Ta sha yaƙi da Damagaram da Haɗejiya, har Sarki Abdullahi ya rasu a fagen fama a 1872, Turawa kuma suka same ta a 1903. Wannan tarihi ya shafi maganar busa kai tsaye, domin sunan algaita daga Larabcin Magrib yake, inda ake kiran irin wannan abin busa gaita, kuma galibin masana sun tafi a kan cewa ta hanyoyin fataucin Sahara ta iso Barno da ƙasar Hausa. Barebari na kiran ta alita, suna haɗa ta da manyan ganguna a fadar Shehu. Fadar da ta yi fiye da ƙarni guda tana duban gabas, ba abin mamaki ba ne algaita ta zauna mata daram. Sai dai kada a wuce gona da iri, don sarakunan Fulani na Kano da Zazzau da Katsina su ma sun riƙe kakaki da algaita da tambari da suka gada daga sarakunan Haɓe, duk da sukar da malaman jihadi suka yi wa kaɗe-kaɗen fada.

Ƙirar algaita mai sauƙi ce a ido. Jikinta itace ne da aka rarake, tsukakke daga sama, yana buɗewa a hankali har ya ƙare da baki mai faɗi, a rufe shi da fata. A samansa akwai siririn bututun ƙarfe, da wani ɗan faifai da leɓɓan mabushi ke dogara a kai, sa'an nan harshe biyu na kara waɗanda ke shiga cikin baki gaba ɗaya. Ramukan yatsu yawanci huɗu ne. David Ames da Anthony King sun bayyana ta tare da sauran kayan fada a littafinsu na ƙamus ɗin kiɗan Hausa na 1971. Abin da ba ya fita a takarda shi ne numfashi. Mai algaita yakan cika kumatunsa da iska, ya riƙa matsa ta cikin harshen da naman kumatun, a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci, saboda haka amon ba ya yankewa ko da sarki zai yi sa'a guda a kan doki. Da waɗannan ramuka huɗu, da ƙara ƙarfin iska ko rage shi, yake bin hawa da saukar muryar Hausa, har mai sauraro ya ji take da kirarin basarake kamar da baki aka faɗa. Watau algaita magana take yi, kuma bafaden da ya san aikinsa ya san wanda ake kira tun kafin ya hango shi.

Saksafon kuwa ɗan bana-bakwai ne idan aka gwada shi da ita. Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, shi ya ƙera shi, ya kuma yi masa rajista a birnin Paris a 1846, da nufin sayar wa badujalar soja. Jikinsa tagulla ne, harshensa ɗaya ne tak, a ɗaure a jikin bakin busa, yana da maɓallai sama da ashirin. To ina kamannin ya fito? Amsa ta farko tana cikin siffar ramin. Shi ma saksafon tsukakke ne daga sama yana buɗewa zuwa ƙasa, kuma duk bututun da aka yi haka, idan harshen kara ya girgiza iskar cikinsa, yakan fid da amo cike da ƙananan muryoyi masu kaifi. Manyan saksafon an lanƙwasa su, muryarsu ta yi kauri, amma ƙaramin miƙaƙƙe ne, muryarsa kuma a sama take, kusa da inda algaita ke yawo. Wannan kamanni na ƙira ne kawai. Masu cewa daga algaita aka samo saksafon sun faɗi abin da tarihi bai goyi bayansa ba, domin Sax daga kilarinet ya ɗauko bakin busarsa.

Amsa ta biyu ita ce ta fi daɗin bi, domin ta mutane ce. Wanda ya fara fito da ƙaramin saksafon a jaz shi ne Sidney Bechet na New Orleans, wanda ya rasu a 1959, mai busa da murya mai faɗi da rawar amo. Bayansa abin ya kusa mutuwa, saboda wuyar daidaita muryarsa, sai 'yan tsiraru irin su Steve Lacy. A watan Oktoba na 1960 John Coltrane ya ɗauki wata waƙar wasan dandali, My Favorite Things, ya busa ta da shi kusan minti 14. Maimakon ya bi sauye-sauyen amo masu yawa kamar yadda 'yan jaz suka saba, sai ya sa mai fiyano da mai babbar garaya suka tsaya wuri guda suna maimaitawa, shi kuwa yana kai da komo a kansu da dogayen jimloli masu lanƙwasa. Coltrane ya kasance mai sauraron kiɗan Indiya da na Afirka, ya yi abota da makaɗin nan Babatunde Olatunji, a 1961 kuma ya yi busar da ya sa wa suna India, inda kamannin muryarsa da shahnayi, 'yar'uwar algaita ta ƙasar Hindu, ya fito fili. Daga nan kusan duk wanda ya ɗauki ƙaramin saksafon, da sani ko ba da sani ba, yana ɗauke da ɗan wannan ƙamshi na gabas. Kunnen Bagumale bai yi kuskure ba ke nan, ya dai gane dangi na nesa.

Akwai ma wanda ya yi tattaki ya zo da ƙafarsa. Yusef Lateef, wanda aka haifa a 1920 ya tashi a Detroit, ya musulunta, abokin Coltrane ne, kuma tun cikin shekarun 1950 yake shigar da kayan busa na gabas cikin kiɗansa. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, yana binciken sarewar Fulani, shi da Ziky Kofoworola kuma suka fitar da littafi a kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987. Bai yarda a kira kiɗansa jaz ba, yana ganin kalmar ta raini ce, abin da zai tuna wa mai karatu yadda wasu makaɗan fada ba sa son a jera su da maroƙan kasuwa.

A wannan shekara ta 1987 ne waƙar Sting ta fito, cikin faifan Nothing Like the Sun. Marsalis, wanda aka haifa a 1960, ya bar ƙungiyar ƙanensa Wynton a 1985 ya bi Sting, masu tsattsauran ra'ayin jaz kuma suka ɗauki wannan a matsayin zubar da girma, kamar a ce Sarkin Busa ya bar fada ya tafi kiɗan 'yan mata a dandali. Waƙar labarin baƙo ce, Baturen Ingila a birnin da ba nasa ba, tana tafiya a kan wani sassauƙan kiɗa mai ɗingishi irin na rege. Idan aka kasa kunne da kyau za a ga busar ta yi aiki iri uku. Na farko share fage, domin ita ke buɗe waƙar kafin murya ta shigo. Na biyu amshi. Duk inda mawaƙi ya ajiye numfashi sai ta cusa 'yar gajeriyar jimla, ba ta taɓa hawa kan kalmarsa ba, kuma wannan ladabi ne da kowane ɗan amshin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo zai gane. Na uku shi ne busar tilo. Bayan tsakiyar waƙar sai kiɗan ya juye gaba ɗaya, ɗingishin ya ɓace, babbar garaya ta shiga tafiya taki-taki irin ta jaz, aka sakar wa Marsalis fili. Abin bai kai rabin minti ba. Cikin wannan ɗan lokaci yana jero muryoyi da sauri, yana hawa yana gangarowa, yana ɗan jinkirta wata jimla ta faɗo bayan bugu, ya gaggauta wata ta riga shi. Bai gama huce wa ba sai wasu manyan ganguna suka faɗo kamar ana sara itace, suka datse shi, waƙa ta koma inda ta fito.

Wannan datsewa ita ce gwanintar wurin. Cikin ƙasa da minti guda mai sauraro ya ratsa unguwanni uku na birnin da ake magana a kai, ya ji yadda baƙo ke ji idan ya karya kwana ya tarar da wata duniya. Busar ba ado ba ce kawai da aka liƙa wa waƙar, tana cikin masu ba da labarin.

Idan aka ɗora ta a ma'aunin algaita, bambanci biyu ne ke fitowa. Na farko numfashi. Marsalis yana yanka jimlolinsa, yana barin shiru a tsakani, shirun kuma rabin maganar ne. Mai algaita ba ya barin shiru, domin aikinsa shi ne ya lulluɓe sarki da amo yadda laima ke lulluɓe shi da inuwa. Shi ya sa abin ke ba da dariya kaɗan idan aka tuna yadda aka yi ta yayata Kenny G, wani mai ƙaramin saksafon da ya yi kasuwa da Songbird a 1987, sa'ad da ya riƙe murya ɗaya minti 45 da 'yan daƙiƙoƙi a 1997 har aka rubuta shi a littafin bajinta na Guinness. Dabarar da ya yi amfani da ita ita ce darasin farko da ɗan mai algaita ke koya a zauren ubansa. Na biyu ma'ana. Busar Marsalis ba ta ɗauke da kalma ko ɗaya, 'yancinsa shi ne ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa ji ba nan take. Mai algaita a ɗaure yake da take, ba shi da ikon sauya hawa da saukarsa, in ya sauya to ya kira wani basarake daban. Amma kuskure ne a ce ba ya ƙirƙira. Gwaninsu shi ne wanda zai maimaita take sau ashirin a daren sara, ranar Alhamis, ba tare da ya busa shi iri ɗaya sau biyu ba, ya ja wannan gaɓa, ya karkaɗa waccan, ya shigo a bayan ganga ko a gabanta, kirarin kuma yana nan ana jin sa. A nan ne ya fi kusa da Coltrane na 1960, mai juya jimla ɗaya a kan kiɗan da ba ya motsi, fiye da yadda ya yi kusa da Marsalis.

Saksafon ba baƙo ba ne a Arewa. Ya shigo ta badujalar soja da ta 'yan sanda, ya biyo faya-fayan hailaif da na Fela da Manu Dibango, Bala Miller kuma ya yi waƙoƙin Hausa a Kaduna da ƙungiya mai kayan busa na Turawa. Amma waƙar yayi ta Hausa, wadda ta bunƙasa tare da finafinan Kano daga ƙarshen shekarun 1990, ba ta ɗauki saksafon ba, ba ta kuma ɗauki algaita ba. Fiyano ta ɗauka, akasari ƙirar Yamaha, inda mutum ɗaya ke danna maɓalli ya fitar da amon sarewa ko na wani abu mai kama da algaita. Amon yakan yi kusa, abin da ke ɓacewa shi ne abin da ke tsakanin murya da murya, wato zamewar da kumatu ke yi daga sama zuwa ƙasa, wadda da ita ake furta faɗuwar muryar Hausa. Maɓallin fiyano ko dai a danna shi ko a sake shi. Saboda haka a bikin aure a Maigatari ana iya jin amon algaita daga lasifika tun magariba har tsakar dare, ba tare da an kira sunan kowa da shi ba.