Ɗaukar Sauti Da Tsarin Tsakiya-Da-Gefe Da Ƙananan Makirufo

Duk wanda ya taɓa ɗaukar sautin biki ko hira da wani dattijo a Faris ko Liyon don aikawa gida ya san wannan matsala. A kunnen mai ɗauka sautin ya fita da kyau, amma a wayar ɗan'uwa mai lasifika ɗaya a Maradi ko Kano sai muryar ta dushe. Tsarin tsakiya-da-gefe, wanda masana ke rubutawa M/S, yana maganin wannan.

Asalinsa

A shekarar 1881, a baje kolin wutar lantarki na Faris, injiniya Clément Ader ya jera na'urorin kama sauti a gaban dandalin Opera, ya aika sautin ta wayar tarho zuwa Palais de l'Industrie. Mai sauraro yana ɗora abin ji ɗaya a kowane kunne, yana gane wane mawaƙi ne a dama, wane ne a hagu. Daga nan sitiriyo ya faro.

Lissafin tsakiya-da-gefe kuwa na Alan Blumlein ne, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, wanda ya nemi rajistarsa a 1931. Holger Lauridsen na gidan rediyon Denmak ya sa shi aiki sosai a shekarun 1950. Faransa ita ma tana da nata tsarin, ORTF, da aka fito da shi a gidan rediyon ƙasa wajen 1960: makirufo biyu, tazarar santimita 17, kusurwa digiri 110. Yana da daɗin ji, sai dai faɗin da aka ɗauka shi ke nan, ba a iya gyara shi sosai daga baya.

Yadda yake aiki

Ana ɗora makirufo biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na tsakiya yana fuskantar mai magana. Na gefe yana kama hagu da dama, ba ya jin abin da ke gabansa. Kowanne a ɗauke shi a layinsa daban, sannan a haɗa a kwamfuta:

Hagu = tsakiya + gefe
Dama = tsakiya − gefe

In an ƙara ƙarfin gefe, fili ya buɗe, a ji kalangu da guɗa daga kowane ɓangare. In an rage, sauti ya tattaru wuri ɗaya. In kuma wayar mai sauraro ta haɗe hagu da dama, gefe yana soke kansa, muryar tsakiya ta rage tsaf. Da irin wannan lissafin ne rediyon FM ke watsa sitiriyo har tsohuwar rediyo mai lasifika ɗaya ta kama.

Gwaji da ƙananan makirufo

Ƙananan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga suna da sauƙin ɗauka, kuma ba sa tsorata tsofaffi lokacin hira. Wahalar tana wajen na gefe, domin ƙarami mai jin ɓangare biyu yana da tsada da wuyar samu. Masu gwaji sukan haɗa ƙanana biyu masu jin gaba kawai, baya da baya, ɗaya na kallon hagu ɗaya dama, su juya alamar na daman su haɗa. A kula da abu uku. Dole biyun su zama iri ɗaya, ƙarfinsu daidai. A matso da kawunansu kusa da na tsakiya iya yi. A guji masu jin ko'ina, domin in an cire ɗaya daga ɗaya sauti mai kauri yana ɓacewa, shuu ɗin na'ura ya fito fili. Manhajar Audacity ta kyauta tana yin juyin alamar da haɗawar.

Ga matasa a Faris da Liyon

Mai son zurfafa ilimi ba sai ya yi nisa ba. A Faris akwai IRCAM, cibiyar binciken sauti da Pierre Boulez ya kafa, wadda ta buɗe a 1977. A Liyon akwai GRAME, da aka kafa a 1982, inda aka ƙirƙiro Faust, harshen kwamfuta na kyauta don sarrafa sauti. Da shi, layi kaɗan sun isa a rubuta lissafin nan na hagu da dama.

Kafin a aika sauti gida, a saurare shi a waya mai lasifika ɗaya tukuna.