Daga Maratayin Ganga Zuwa Tayar Sifika

A ƙasar da ta kama daga Gidan Runji zuwa Agye da Gazawa, kayan kiɗa ba su san taya ba sai a zamaninmu. Ƙasa ce ta jigawa, da ka sauka daga kwalta sai rairayi, saboda haka duk abin da masassaƙi ya fafe don kiɗa, da ma yana fafe shi ne da tunanin kafaɗar da za ta ɗauka. Kalangu a hammata yake zama, ganga da maratayinta ake yin ta, kakaki kuwa duk tsawonsa gaɓa-gaɓa ne, a zare shi a kama hanya. Tambari ne ya fi ƙarfin kafaɗa, shi ya sa ran hawa ake ɗora shi bisa raƙumi.

Sarautun yankin nan ma a kan hanya aka kafa su. Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan 1807 su suka zaunar da sarautarsu a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Sarki ba ya tafiya ya bar makaɗansa, kuma makaɗin da zai bi dawaki cikin daji tilas kayansa su zama waɗanda za a iya gyarawa duk inda dare ya yi. A Tsibiri, bayan makaɗan fada, akwai masu goge da ƴan ƙwarya na gidan Inna, shugabar bori, su kuma kayansu duka ba su wuce abin da mutum ɗaya zai runguma ba.

Kakana na wajen uwa baduku ne a wani ƙauye arewa da Gazawa, kuma a rumfarsa na ga yadda ake wannan gyara. Makaɗi zai zo da kalangu baki a fashe, ya durƙusa ya ce, "Baba, ga ɗan naka ya yi shiru." Tsoho ba ya amsawa sai ya ƙwanƙwasa icen ya ji ko ya tsage. In ice lafiya, sauran mai sauƙi ne: fatar ɗan akuya marar kauri, a jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗinke ta a kambu, sannan a bi tsirkiya ɗaya bayan ɗaya ana ja har bakin biyu su daidaita. Goge kuwa fatar guza yake so da izgar doki. Damina tana sa fata ta saki har sai an gasa ta a wuta, hunturu kuma yana fasa ta, don haka aiki ba ya yankewa. Lada sau da yawa sai kaka, damin gero, bayan gangar noma ta gama zagaya gayya. Wasu makaɗan da kirari suke so su biya, abin da kakata ba ta taɓa yarda da shi ba.

Ice ne ya fara cin amanar sana'ar. Ƙirya, wadda masassaƙa ke so don ƙarfinta, ita maƙera ke nema don gawayi, ita kuma ake sarewa don turmi. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da gatari ya rage. Manoman Ɗan Saga a ƙasar Agye sun yi suna wajen barin kututture ya sake toho a gona, kuma gawo da kalgo da sabara sun dawo, amma ƙirya ba ta gaggawa. Kafin ta kai girman ganga, wasu sun riga sun koma amfani da durom da gwangwani.

Daga nan rediyo mai kaset ta shigo gidan biki, sai lasifika da batirin mota bisa amalanke, sai janareta. Yau ga akwatin sifika ɗan Sin, da hannun ja da ƴan tayoyin roba biyu. An yi su ne don daɓen siminti. A rairayinmu tayar ba ta juyawa, jan ta ake yi, ƙasa ta cika mata ciki, ta cinye gefe ɗaya, ranar da ta ci karo da dutse kuma ta ɓalle har da guntun jikin akwatin.

To a nan gyara ya bar rumfar baduku ya koma wurin mai walda. Na kasuwar Caduwa da na bakin kwalta a Gidan Runji sun gane inda ciwon yake: sayen irin tayar da ta karye asarar kuɗi ce. Sai su yi wa akwatin gindi na ƙarfe ya zauna a ciki, su ratsa sandar ƙarfe guda, su sa boris na tsohon babur da taya mai faɗi. Wanda ya ɗaure sabuwar taya a jikin robar da ta riga ta tsage, kafin biki na gaba zai dawo.

Mai shirin sayen sifika don haya, ka ware kuɗin mai walda tun ranar saye, ka kai masa ita kafin ta taka rairayi.