Gazawar zuciya bayan bugun zuciya: alamominta da yadda likitoci ke tunkarar ta

Bugun zuciya yana faruwa ne idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciya. Idan ɓangaren da ya lalace yana da yawa, zuciya takan kasa harba jini zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da sauran gaɓoɓi. Wannan hali yana samun mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na masu bugun zuciya, kuma kusan rabinsu suna rasuwa.

Alamominsa su ne faɗuwar awon jini na sama ƙasa da 90, sanyin hannu da ƙafa, zufa mai sanyi, raguwar fitsari, haki da ruɗewa.

Tushen magani shi ne buɗe jijiyar da ta toshe da gaggawa, ta hanyar zura siririn bututu ko tiyata. Binciken da Dokta Judith Hochman ta jagoranta, wanda aka wallafa a Amurka a 1999, ya nuna cewa hakan ya rage mace-mace cikin wata shida daga kashi 63 zuwa kashi 50. Inda babu kayan wannan aiki, akan yi allurar narkar da gudan jini, wadda amfaninta ke raguwa ƙwarai bayan awa 12. Kafin nan, a ɗakin kulawa ta musamman, akan ba majiyyaci iskar oksijin da magungunan ɗaga awon jini da ƙarfafa bugawar zuciya, irin su noradirenalin da dobutamin.

Ƙarin ruwa, wanda jama'a ke ɗauka maganin kowace kasala, na iya zama haɗari a nan. Zuciyar da ta gaza ba ta iya ɗaukar ƙarin kaya, sai ruwan ya taru a huhu. Don haka kuskure ne a kira wani ya ɗaura wa majiyyaci ruwa a gida, ko a tsaya neman maganin gyambon ciki a kemis.

A garin Bauchi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne babbar cibiyar da ake tura irin waɗannan majiyyata. Duk mai ciwon ƙirji mai danne numfashi, wanda ya wuce minti 15, a garzaya da shi asibiti, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a auna bugawar zuciyarsa da na'ura cikin minti 10 da isowarsa.

A arewacin Najeriya, hawan jini da ba a kula da shi ba yana kan gaba wajen haddasa gazawar zuciya. Ana kuma yawan ganinta ga masu jego, kamar yadda likitoci suka bayyana a Zariya tun shekarun 1970.